Sanyin da Likita Ya Faɗa

Malam Saminu ya daɗe yana koyar da labarin ƙasa a wata sakandare a Daura, kuma babu darasin da ya haddace kamar na yanayin shekara. Yakan zana da'ira a allo ya raba ta gida huɗu, bazara, damina, kaka, hunturu. Yara su kwafa, su faɗi jarrabawa, baɗi ya sake zana wa ƙannensu. Saboda haka ba za a ce ƙaryar da ya yi wa matarsa ta rashin sani ba ce.

'Yarsu guda ce, Raihana, amma ban da malaman makaranta babu mai kiranta haka. A tsakiyar marka aka haife ta, lokacin da ruwa kan kwana ya wuni yana zuba, sai kakarta ta ce Marka, sunan kuwa ya bi ta. Tana 'yar shekara huɗu ta fara faɗuwa. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi, aka yi ruƙiyya. Malam Saminu, a matsayinsa na mai digiri, sai da ya bi duk waɗannan ɗaya bayan ɗaya sannan ya je asibiti, kamar kowa. Can aka ce farfaɗiya ce, aka ɗora ta kan magani. Ciwon ya lafa, sai jefi-jefi. Marka ta girma, doguwa mai surutu, ba a barinta kusa da murhu ko bakin rijiya.

Wadda maganin bai yi wa komai ba ita ce uwarta, Zuwaira. Da cikin Marka ya tsufa an kai ta goyon ciki gidan iyayenta, wani ƙauye bayan Dutsi. Naƙuda ta taso mata da hantsi, ta yi shiru, don 'yar gidan mutunci ba ta buɗe baki ta ce wa uwarta haihuwar fari ta zo. Ta ci gaba da tsintar wake tana cije leɓe har washegari. Kafin a farga ruwa ya cinye hanya. Mai babur ɗin da aka kira ya leƙa ƙorama, ya ce shi ma yana da 'ya'ya. Yarinya ta fito ba kuka, sai da ungozoma ta yi ta bubbuga ta. A ranar mata sun yaba wa Zuwaira, suka ce ga 'ya mai kunya, ko nishi ba a ji ba.

Tun da Marka ta fara faɗuwa Zuwaira ta yanke wa kanta hukunci, ba lauya, ba ɗaukaka ƙara. Ta je aka yi mata allurar tazarar haihuwa, ta riƙa komawa duk sanda ta ƙare. Duk ranar da ciwon ya taso, takan juya yarinyar ta gefe, ta goge mata baki, in ta farfaɗo ta sunkuya daidai kunnenta ta ce, "Ki yafe mini." Saminu yana ji. Ya taɓa karantawa a waya cewa doguwar naƙuda kan jawo irin wannan, ya yi maza ya kashe wayar kamar ya ga abin kunya.

Wata rana a lokacin kaka Saminu ya ɗauki Marka a babur suka je karɓar magani. Suka tarar da sabon likita, Dakta Anwar, saurayi ne da bai daɗe da gama karatu ba, har yanzu yana murna da abin da ya sani. Ya duba katin Marka ya ce, "Ranar haihuwa, ɗaya ga Janairu. Abin sha'awa."

Babu abin sha'awa a ciki. Hedimastan firamare ne ya haifi duk ajin su Marka a rana guda a takarda, don ya huta da tambaya. Saminu bai gyara ba a lokacin, ganin an rage wa 'yarsa 'yan watanni, abin da kowane ma'aikacin gwamnati ya san amfaninsa. Yau ma bai gyara ba.

Likita ya ce, "Akwai binciken da aka yi a wasu ƙasashen Turai. An lura kamar masu farfaɗiya sun ɗan fi yawa cikin waɗanda aka haifa lokacin sanyi. Wasu na zargin cututtukan da ke yawo a wannan lokaci, wasu na zargin ƙarancin rana. Wasu kuma sun duba ba su ga komai ba."

"Wato laifin lokaci ne?"

"Ban ce ba, Malam. Na ce ana zato."

Da suka dawo gida Zuwaira na zaune tana yanka kuɓewa. Ta jira Marka ta shige ɗaki, ta yi tambayar da take yi kowane wata.

"Malam, me likita ya ce?"

"A ci gaba da magani."

"Shi ke nan?"

Kullum haka take tambaya, kanta a ƙasa, kamar wadda ke jiran a karanto mata laifinta daga bakin hukuma. Saminu ya dubi wuyanta, yadda ƙashi ya fito. Bai shirya komai ba, maganar ce ta fito da kanta.

"Ya ce Turawa sun yi bincike. Yaran da aka haifa lokacin sanyi su ciwon ya fi kamawa."

A birni, da rediyo, da bakin likitoci, sanyi da ɗari duk abu ɗaya ne. A ƙauyen su Zuwaira ba haka ba ne. Ɗari shi ne busasshe, na bayan kaka, mai fasa diddige da leɓe. Sanyi kuwa mai laima ne, na ruwa, wanda kan shiga tabarma da ƙashi a tsakiyar damina.

Ta ajiye wuƙar. "Sanyi? Irin na marka?"

Malam Saminu, wanda ya san watan da ƙanƙara ke sauka a Turai, ya kuma sha ba yara sifili a kan wannan tambaya, ya ɗauki moɗa ya sha ruwa. Ya daɗe yana sha.

"Sanyi dai ya ce."

"To ko da na yi magana da wuri..."

"Ko a gadon asibiti kika haife ta, da likitoci sun yi miki rumfa, sanyi ya riga ya gama aikinsa."

Wannan kam likita bai faɗa ba, Turawa ma ba su faɗa ba. Zuwaira ta ja gefen zane ta rufe fuska, ta yi kuka irin wanda bai taɓa jin ta yi ba, mai sauti. Ranar da miyar kuka aka ci tuwo.

Kafin ƙarshen hunturu matar ta zama wata daban. Ta yi kumatu, ta koma sa lalle, ta fara zuwa biki ba tare da ta leƙo gida a tsakiya ba. Marka ta tare babanta a zaure ta ce, "Baba, me ka ba Umma? Yau ta bar ni na je gidan su ƙawata Ummi ni kaɗai. Har kwana ta ce in na ga dama." Da ciwon ya taso sau ɗaya, Zuwaira ta juya ta, ta goge mata baki, ta ce, "Sannu, 'yar sanyi," ta tashi ta ɗora shayi. Saminu ya ga ashe ilimi na da amfani, in an san inda za a lanƙwasa shi.

Ruwan farko ya sauka, aka yi shuka. Wata Juma'a bayan ya dawo masallaci, Zuwaira ta kawo masa fura ta zauna, ba ta tashi ba.

"Malam, zan gaya maka wani abu, amma kada ka yi dariya."

"Ni da nake koyarwa a makarantar gwamnati, dariyata ta ƙare."

"Na bar allura tun ranar da ka kawo maganar nan."

Ya tsaya da ludayi a hannu.

"Ka tuna bayan kaka da na yi ta cewa bayana na ciwo, kada ka matso kusa da ni? Babu abin da ya sami bayana. Lissafi nake yi. Da an samu a lokacin, da marka zai faɗo, ka ga an koma inda aka fito." Ta shiga ƙirga yatsu. "Bazara ga zafi ga ƙyanda. Damina ba ma magana. Sai na ce ɗari. Ba ruwa, ba laima, ba sauro, rumbu cike da hatsi, wankan jego ma har daɗi zai yi. Kuma Allah ya karɓa, Malam. Tsakiyar ɗari zan haihu. Nesa da sanyi iyakar nisa."

"Masha Allah," in ji Saminu.

"Haka kawai? Ba ka ga na iya lissafi ba? Ka kai ni makarantarku mana."

Ranar Litinin ya bar ajinsa da aikin kwafa ya tafi asibiti shi kaɗai. Dakta Anwar ya riga ya manta ya taɓa yin maganar, sai da aka tuna masa.

"Haba Malam, ai sanyinsu ba irin namu ba ne. Su rana ce ke ɓace musu, mu kuwa nemanmu take yi har ɗaka. Bambancin da aka gani ma ɗan kaɗan ne, in ma akwai shi."

"Wato babu komai?"

"Ban ce babu ba."

"Wato akwai?"

"Ban ce akwai ba."

"Likita, duk karatun nan da ka yi, ba a koya muku eh ko a'a ba?"

Likita ya yi dariya. "Ka bar zancen wata da yanayi. Ta riƙa zuwa awo, ta haihu a asibiti, kuma kada a bari naƙuda ta yi tsawo. Wahalar da jariri kan sha wajen fitowa, wannan kam ba zato ba ne, mun san tana jawo farfaɗiya."

Saminu ya yi godiya. Ya je neman a sauke masa kaya guda, aka ɗora masa na biyu, kuma na biyun shi ne wanda ya sauke daga kan matarsa.

Damina ta wuce. Zuwaira na zuwa awo, tana cin abinci kamar mai ramuwa. Da aka fara yankan gero sai ta kawo maganar da yake tsoro.

"In wata ya kama zan tafi gida in haihu gaban Inna. Ta tsufa, wa ya sani ko za ta ga wani."

"A'a. A nan Daura za ki haihu, a asibiti."

"Don me? Hanya a bushe take. Kuma ai ba gida ne ya jawo ba, ba hanya ba ce, ba shiruna ba ne. Kai da bakinka ka ce ko a gadon asibiti ne."

Ya ga babu sauran wurin laɓewa. Ya gyara zama, ya yi gyaran murya irin ta fara darasi.

"Zuwaira, maganar sanyin nan. Likitoci ba su gama tabbatarwa ba. Kuma sanyin da ya ce..."

"In ba sanyi ba ne, to mene ne?"

A hankali ta yi tambayar. Yana kallonta, kafaɗunta suka sauka, kanta ya fara yin ƙasa, hannunta ya koma kan cikin ya dafe. Kumatun suna nan, lallen yana nan, amma tsohuwar Zuwaira ce ta dawo ta zauna a gabansa, kamar dama a bakin ƙofa take jira.

"Sanyi ne," in ji shi. "Sanyi ne mana. Cewa na yi ba su gama rubuta littafin ba. Maganar asibiti kuwa, likita ya ce mace in ta daɗe ba ta haihu ba, da ta ji motsin farko a kawo ta. Doka ce sabuwa. In kina son Inna, ni zan je in ɗauko ta."

"Inna? A gidan nan? Kai da ko haɗa ido ba kwa yi?"

"Zan koma zaure."

Ta ƙyalƙyale da dariya, kafaɗun suka tashi.

Haka aka yi. Ya ɗauki shatar mota zuwa bayan Dutsi ya kawo surukarsa, Inna Hadijatu, da tukunyar wankanta da ƙullin kanwa da kaza biyu. Gidan ɗaki biyu ne, kuma namiji ba ya cin abinci ko ya miƙe ƙafa a gaban uwar matarsa. Saminu ya kwashe katifa da littattafai ya tare a zaure, inda ƙofa ba ta rufuwa sosai. In zai shiga bayi sai ya yi sallama a gidansa, ya jira a ce tsohuwa ta shige. Diddigensa ya tsage, tari ya kama shi. Abokan aiki suka ce an kori Malam. Bai musa ba, ya ga hukuncin ma an yi masa rangwame.

Wata safiya yana shan koko a zauren, Marka ta shigo da kayan makaranta, ta tsugunna tana ɗaura takalmi.

"Baba, jiya malaminmu ya ce Turawa sanyinsu Disamba ne da Janairu."

"Haka ne."

"Ni kuwa da damina aka haife ni."

Ya dubi cikin kofi. Babu abin da ya rage a ciki da zai daɗe yana sha.

"Wato jaririn Umma ne zai zo a sanyinsu."

"Likita ya ce ba a tabbatar ba. Sanyinsu daban, namu daban."

Ta ɗaure ɗayan takalmin, ta miƙe ta rataya jaka. "Kada ka gaya mata, Baba. Ba na son ta koma ce mini in yafe mata. Ni ban san me zan yafe ba, kuma in na farfaɗo kaina ciwo yake yi." Ta fita. Ya ji tana kiran Ummi ta katanga, su yi sauri kada a rufe ƙofar makaranta.

Naƙuda ta zo da rana tsaka. Wannan karon Zuwaira ba ta tsinci wake ba. Daga tsakar gida ta kwaɗa kira, "Malam, dokar nan taka ta zo!" Inna Hadijatu ta yi salati, ta ce 'yan zamani ba su da ta ido. Kafin la'asar an haifi namiji, ya fito da kuka har ana jinsa daga baranda. Ranar suna aka ce Abbas.

Bayan kwana biyu da suna, tsohuwa ta fita barka maƙwabta, Saminu ya samu ya shiga ɗakin matarsa. Zuwaira na shan kunun kanwa, jikinta na tururin ruwan wanka. Jariri na barci a kan gado cikin hula da safa. Yana tsaye yana kallonsa sai yaron ya zabura, ya watsa hannuwa biyu, yatsunsa suka buɗe, jikinsa ya yi 'yar karkarwa.

Saminu bai san sanda ya yi tsalle ba. Ya ture kwanon kunu, ya juya yaron ta gefe, yana faɗin, "Innalillahi, Zuwaira, Zuwaira!"

Jariri ya buɗe ido, ya ga wanda ya tashe shi, ya tsala kuka.

Zuwaira ta riƙe ciki tana dariya har da hawaye. "Wayyo Malam, za ka ɓalle mini ɗinki! Firgita ce ta jarirai, kowane ɗa yana yi. Kawo shi nan, ka ɓarar mini da kunu a banza." Ta karɓe shi ta sa masa nono, kukan ya tsaya. "Wannan ɗan ɗari ne, da ikon Allah babu abin da zai same shi. Kai fa ka faɗa."

"Ni na faɗa," in ji Saminu.

Ya ɗauko tsumma ya goge kunun. Da ya gama bai koma zaure ba, ya jawo kujera 'yar tsugunno ya zauna gaban gado. Yaron ya ƙoshi ya koma barci, aka kwantar da shi. Zuwaira ma ta juya ta yi nata barcin, mai nauyi, har da minshari. Shi kuwa ya zauna yana duban 'yan yatsun nan, yana jira.